Shirun Talata na Kawu Ermete

Kafin ƙararrawar coci ta tashi kowa a Serravento, Kawu Ermete ya riga ya sauko dandali da bokitin ruwan ɗumi a hannunsa. Ba ya taɓa makulli sai ya zagaya bas ɗin tukuna. Ya daki tayoyi da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya kwarara ruwan a gilashin gaba don ƙanƙarar da ta kwana a kai ta saki. Sannan ya hau ya share tsakanin kujeru, ya tayar da inji ya bar shi yana gurnani. Lokacin da mutane za su fara fitowa suna hura hannuwa, cikin motar ya zama kamar ɗakin girki.

Daga nan kuma baki ya buɗe. Duk wanda ya taɓa shiga motar Ermete Gandolfo ya san Allah ya yi shi da magana. Kowa ya sa ƙafa a matakala sai ya kira shi da sunansa, ya haɗa da laƙabin kakansa, ya tambayi gwiwar uwarsa da akuyar da ta ƙi cin ciyawa. Ta taga yake karɓar saƙo: maganin da za a sayo, takalmin da za a kai gyara, cuku ga 'yar da ta yi aure a Borgo. In an kama gangara shi ke kiran wuraren tsayawa, ba da sunayen da kamfani ya rubuta a allo ba, da waɗanda muka gada: Kwanar Fada, Rijiyar Sanyi, Gadar Alfadarai. Tsakanin wannan da wancan ya yi waƙa, ya yi gardamar ƙwallo, ya yi wa gajimare faɗa.

Haka yake kullum, ban da Talata. Ranar Talata, daga lokacin da Gwaggo Onorina ta hau motar har ta sauka, Kawu Ermete ba ya cewa uffan. Ba gaisuwa, ba waƙa, ko tari ne sai ya danne. Kusan shekara talatin ke nan. Makon jiya ya ajiye aiki, kuma tun da aka ji zai ajiye, tambaya ɗaya ce ke yawo a kwarin nan: shin zai miƙa makulli ya tafi gida ba tare da matar nan ta kwance masa baki ba? Wannan jinjina tasa ce, amma ba za a gane ta ba sai an koma kan wani tsohon wasan talabijin.

Yana ɗan shekara ashirin 'yan talabijin suka zo daga Roma da manyan motoci da fitilu. Labarin kwarinmu suka zo ɗauka, na kakar da ta gabaci ƙarshen yaƙin duniya, lokacin da samarinmu suka ƙi shiga sojan 'yan baƙar riga masu mara wa Jamus baya, suka hau dutse da bindigogin farauta. Uku daga cikinsu sun ɓuya a bukkar da ake busar da 'ya'yan itacen kastanya da hayaƙi, wadda ke sama da gada, domin a wannan lokaci na shekara kowace bukka hayaƙi take yi ba fashi, ba mai zargin wuta. Wani ya tona musu asiri. Sojojin Jamus da 'yan baƙar riga suka kewaye bukkar da safe, ba wanda ya fito da rai. Ƙaramin cikinsu shi ne Secondo, yayan Onorina. Wanda ya tona kuwa, har yaƙi ya ƙare ba a san shi ba.

Masu wasan ma ba su san shi ba, sai suka ƙirƙiro nasu. Suka kawo wani dogon ɗan wasa mai siririn gashin baki, suka tsayar da shi a bayan bango yana raɗa. Kowa a wasan Italiyancin makaranta yake yi, amma mai shiryawa ya so maci amanar ya yi raɗarsa da harshen mutanen kwarinmu, wai ta fi shiga jiki. Ɗan Roma ya gwada, matan da ke kallo suka yi ta ƙyaƙyata har ya yi fushi. Abin bai dami 'yan talabijin ba, tunda ɗora wa ɗan wasa muryar wani aikinsu ne na kullum. Suka saurara cikin samarin da ke ɗauko musu kaya, suka ji wani mai murya mai kauri, suka kira shi. Jimla biyu ce kacal: “Suna bukkar kastanya, sama da gada. Ku bi hayaƙin da ya fi kauri.” Ermete ya raɗa cikin na'ura, aka ce ya yi kyau, aka miƙa masa sigari ɗan waje. Ya koma gida yana jin ya shiga duniya.

A lokacin akwatin talabijin ɗaya ne a Serravento, a shagon kofin mahaifin Gaudenzio, abokin Ermete. Ranar da aka nuna wasan kowa ya zo da kujerarsa daga gida. Ermete ya sa riga mai guga ya zauna gaba, abokinsa Gaudenzio na zungurinsa, Palmira da yake nema tana cikin 'yan mata tana yi kamar ba shi take kallo ba. Da dogon mutumin ya matsa jikin bango ya buɗe baki, sai shagon ya ɗauka: “Ermete ne! Na rantse Ermete ne!” Aka fara tafi.

Onorina ce ta miƙe. Saƙar da ke cinyarta ta zube ƙasa, ba ta kula ba.

“Ita ce,” ta ce. “Muryar ce.”

Kowa ya san abin da take nufi. Tana 'yar shekara goma sha biyu, ana gobe za a kashe Secondo, aka aike ta tatsar akuya a bayan masaukin baƙi. Can ta ji wani namiji yana yi wa 'yan baƙar riga raɗa ta bayan bango, da harshen kwari. Ba ta ga fuska ba, ba ta kuma gane abin da ta ji ba sai washegari. Tun daga nan take sauraron mazan kwari ɗaya bayan ɗaya, a coci, a kasuwa, a wurin jana'iza, ba ta dace ba.

“Haba Onorina, zauna mana,” in ji matar mai shago. “Yaron nan ne fa. Ko cikinsa ba a yi ba a lokacin.”

Can baya wani tsoho ya zare lofe daga bakinsa. “Shi kam ba a haife shi ba. Amma muryar wa ya ɗauko?”

Ba wanda bai sani ba. Mutanen unguwar sama suna haɗiye ƙarshen kalma yadda ba mai yi a ƙasa, kuma a unguwar sama ba a taɓa yin ɗan da ya kwaso muryar ubansa kamar Ermete ba. Uban, Celestino mai alfadari, ya yi wa kowane ɓangare dako a lokacin yaƙi, kamar duk mai alfadarin da ke son ya kwana da dabbarsa. Wata ta ce ai Onorina ta sha jin Celestino yana magana. Aka ce mata mai alfadari ihu ya sani, wa ya taɓa jin raɗarsa? Bayan yaƙi ya tafi haƙar kwal a Beljiyam tare da rabin mazan kwari, ƙura ta cinye masa huhu, aka binne shi can. Har wannan yammaci ba wanda ya ga wani abu a tafiyarsa. Kafin a kashe akwatin, tafiyar ta zama gudu.

Ermete ya hau gida ya tarar da mahaifiyarsa tana tuƙa tuwon masara.

“Inna, Baba ne?”

Ta ci gaba da tuƙi har ya zaci ba ta ji ba.

“Bai faɗa mini ba,” ta ce. “Ni kuma ban tambaye shi ba. A wancan lokaci ba a tambayar namiji daga ina yake.”

“To ke me kika gani?”

“Na ga mutum mai tsoro. Duk kwarin nan wa ba ya tsoro? Wanke hannu ka ci abinci.”

Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma har yau bai samu ƙari ba.

Kawu Ermete, a nan ne yawancinmu za mu zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko mu rantse ubanmu fari ne tas, mu tsaya faɗa da duk wanda ya musa, ko mu tattara namu mu bar gari. Kai ne ka ƙi rantsuwa a kan abin da ba ka sani ba, ka kuma ƙi tafiya.

Mutanen gari suka sa masa suna Mai Raɗa. Akwai gidajen da suka daina amsa masa gaisuwa. Palmira ta aure shi duk da haka, amma burinta su bi sauran samari zuwa masana'antun Torino, inda ba wanda ya san muryar kowa.

“Can ko ihu ka yi ba mai juyowa,” ta ce masa. “Me ka ajiye a nan? Duwatsu?”

“In na tafi za su ce gidanmu ya gudu sau biyu.”

“To su ce mana! Bakinsu ne.”

“Sunana ne kuma.”

Lokacin ne kamfani ke neman direban hanyar Serravento, hanyar da duk wanda aka ba sai ya nemi canji kafin sanyi ya zagayo. Ermete ya karɓa. Mutanen da ba sa amsa masa gaisuwa suka wayi gari rayukansu na hannunsa a kowace kwana, shi kuwa bai taɓa nuna ya lura ba. Shi ne ya ɗauki matar jikan tsohon nan mai lofe tana naƙuda, ya wuce duk wuraren tsayawa yana danna hon yana ba fasinjoji haƙuri, har ƙofar asibiti. Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya, an gan shi ya bar motar a Rijiyar Sanyi ya hau da ƙafa, jakar magungunan tsofaffi a bayansa. Ɗaliban kwarin nan da suka yi jami'a a birni duk sun san cewa in jirgin ƙasa ya makara za su tarar da bas ɗin a tasha, direba ya buɗe murfin inji yana laluben wata matsala da ba ta taɓa faruwa ba. Sannu a hankali Mai Raɗa ya goge, Kawu ya zauna a wurinsa.

Ban da wajen Onorina. Muddin mijinta na da rai, shi ke kai ta kasuwar Borgo a babur ɗinsa mai ƙafa uku, ba ta taɓa taka matakalar bas ba. Da ya rasu sai zaɓi ya ƙare. Wata Talata ta tsaya a dandali cikin baƙin kaya, da kwando a hannu. Ermete ya buɗe ƙofa ya yi abin da yake yi wa kowa.

“Barka da asuba, Sinyora. Ya ƙarin haƙuri?”

Waɗanda ke cikin motar sun ce jini ya bar fuskarta. Ta kama ƙarfen ƙofa, ta ja da baya ta zauna a bakin famfon dandali, ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Mace ce mai 'ya'ya manya, amma wadda suka gani a wurin yarinya ce mai tatsar akuya. Ermete ya daɗe yana kallonta ta madubi. Ya gane ba fushi take yi da shi ba. Da fushi ne, da da sauƙi, don fushi ana rarrashinsa.

Talata ta gaba ta sake zuwa, tunda gida ba ya zama ba cefane. Ya buɗe ƙofa, ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Ta jira. Da ta ga shirun na gaske ne, sai ta hau ta wuce can baya ta zauna. Ba wanda ya shirya, ba wanda ya roƙa. Haka aka fara.

Mota ba ta tafiya ba baki, don haka Gaudenzio, wanda ya gaji shagon ubansa kuma yake zuwa sarin kaya duk Talata, ya naɗa kansa kakakin direba. Ya zauna a kujerar farko yana kiran wuraren tsayawa, yana kuma ƙara nasa.

“Jama'a, direba ya ce duk wanda ya shigo da cukun nan mai wari ya fito da shi a raba, ko ya sauka.”

“Ƙarya kake, tsohon banza! Warin safarka ne.”

“Direba ya ce in an isa Borgo kofin kowa a wuyansa. Ko ba haka ba, Ermete? Kun gani, bai musa ba.”

Kunnuwan Ermete su yi ja, kafaɗunsa su yi ta rawa, amma baki a rufe. Sai an isa Borgo, Onorina ta sauka ta sha kwana, sannan ya fashe: “Ja'iri! Allah ya kai mu Laraba!”

Ba kullum abin yake da dariya ba. Wata Talata wani mai motar alfarma ya gogi bas ɗin a Kwanar Fada, ya fito ya zagi Ermete, ya zagi uwarsa. Ermete ya tsaya hannu a aljihu har mutumin ya gaji, ya tafi yana cewa kamfani ya koma ɗaukar kurame. Wata Talatar kuma Palmira ce ta tare hanya a guje, da ludayi a hannunta: “'Yarmu ta sauka! Mace! Ka yi jika, Ermete!” Motar ta kaure da shewa. Shi kuwa ya dubi madubi, ya ga baƙin ɗankwali a kujerar baya, ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya kwanta a kan hon har karnukan kwari suka amsa, hawaye na bin gemunsa. Palmira ta ce ta daɗe ba ta yafe masa wannan ba.

Duk watan Afrilu, in bikin tunawa da 'yanci ya zagayo, sai a sake nuna tsohon wasan, baƙi da fari, hoton na rawa. Yaran yanzu dariya yake ba su. Wata shekara 'yan talabijin suka dawo neman waɗanda suka yi shi, suka ce za su ba Ermete fili ya faɗi nasa, ya wanke ubansa a gaban ƙasa duka. Palmira ta goge masa kwat. Gaudenzio ya ce in ba zai je ba shi zai je a madadinsa, tunda ya saba.

“Onorina tana da akwati a ɗakinta yanzu,” in ji Ermete. “In bi ta har cikin ɗaki in yi mata magana? A mota aƙalla tana iya sauka.”

“To ubanka fa?” Palmira ta tambaya.

“Me zan ce a kansa? In ce na sani?”

Aka mayar da kwat cikin kabad.

Direban kwari, kai ne mutumin da Allah ya ba magana fiye da kowa a cikinmu, kuma ita ce ka ajiye saboda macen da ba ta taɓa ce maka sannu ba. Ba ka yi don a yaba ba, domin da farko ma cewa aka yi shirun naka amsa laifi ne. Ka ji, ka ci gaba da tuƙi.

Idanun Onorina sun daɗe da yin hazo, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Da al'adarta ce in ana dawowa daga kasuwa ta sauka a Gadar Alfadarai, ta hau ɗan tudun zuwa kufan bukkar, ta ajiye furanni. Shekarun nan ta daina, sai dai ta miƙa su ta taga a ɗora a kan gada.

Talatar ƙarshe motar ta cika har da na tsaye. Mutanen da ba su da abin saye a Borgo duk sun fito, ba kuma wanda ya faɗi abin da ya fito da shi. Aka je, aka yi cefane, aka kamo hanyar dawowa, ba abin da ya faru. Gaudenzio ya yi ta jefa barkwanci, ba ya kamawa. Ermete kuwa ya riga ya haƙura. Da safen nan ya ce wa Palmira matar ba ta taɓa yi masa alkawarin komai ba.

Da aka doshi gada Gaudenzio ya gyara murya. “Direba ya ce...”

“Gaudenzio.” Daga kujerar baya maganar ta fito. “Rufe mana baki. Direba yana da nasa.”

Ermete ya taka birki a hankali, ya ja na hannu, ya kashe inji. Onorina ta taso tana lalubar kujeru, mutane na matsa mata, har ta zo ta tsaya a bayansa.

“Ɗan Celestino. Faɗi abin nan.”

Ya juyo ya girgiza kai, ya manta ba ta gani.

“Girgiza kai yake yi, Gwaggo,” in ji Gaudenzio, muryarsa can ƙasa.

“Na ce ka faɗa. Yadda ka faɗa a akwati. Da raɗa.”

“Gwaggo, don Allah,” wata mata ta ce, “yau fa ranarsa ce.”

“Ba da ke nake ba.”

Ermete ya dubi hannuwansa a kan sitiyari. Tun ranar da ya raɗa ta cikin na'ura maganar nan ba ta sake bi ta bakinsa ba. Ya san in matar ta ce “ita ce” a gaban wannan jama'a, shi ke nan, da kalmar zai shiga kabari, jikarsa ma ta gaje ta. Yana iya yin shiru, ya ƙware a kai. Amma tsawon shekarun nan ba ta taɓa neman komai a wurinsa ba sai yau. Ya lashi leɓe, ya sunkuya.

“Suna bukkar kastanya, sama da gada. Ku bi hayaƙin da ya fi kauri.”

Wani ya yi alamar gicciye. Onorina ta karkata kai kamar mai sauraron abu daga nesa.

“Sake.”

Ya sake. Ta daɗe a tsaye. Ba abin da ake ji sai rafi a ƙarƙashin gada.

“Ban sani ba,” ta ce. “A shagon nan na rantse ita ce, kuma har ga Allah haka na ji. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na koma bayan bangon nan in saurara, taka ce ke fitowa, da fuskar ɗan Roma a kanta. Ta asalin ta ɓace mini. Akwatin ya cinye ta. Na ce bari in ji ka da kunnena kafin in mutu, ko za ta dawo.” Ta numfasa. “Ba ta dawo ba. Kai ka sani?”

“Ban sani ba, Sinyora. Na tambaya, ban samu ba.”

“Da ka sani za ka faɗa mini?”

“Da tuni.”

Ta gyaɗa kai a hankali. “To mu biyu ke nan.”

Ta laluba kwandonta ta zaro furanni. Wani ya miƙa hannu zai karɓa ya ɗora a kan gada, ta janye.

“Yau sama za su. Kai za ka kai ni. Ba na son a riƙe ni, ni ba kaya ba ce. Ka shiga gaba kana magana, in bi.”

“Me zan ce?”

“Au, kai ne da tambaya? Duk kwarin nan sun ce ba ka rufe baki. Ni kaɗai aka cuta.”

Gaudenzio ya fyace hanci da ƙarfi. “Gwaggo, kin jawo wa kanki. Kafin ya gama sai kin nemi toshiya.”

Suka sauka. Daga tagogi muka ga ya shiga gaba, hularsa a hannu. Da farko kalma ɗaya-ɗaya yake jefawa, kamar mai tsoron kada ta fashe: dutse, saiwa, nan da santsi. Da suka kai tsakiyar tudu sai muka ji muryar ta sake. Ba ma jin abin da yake cewa, sai tashinta da saukarta, hannunsa na nuni ga macen da ba ta gani. Ita kuwa tana biye, sandarta na taɓa ƙasa. Motar kamfani ta tsaya a kan gada cike da fasinjoji, ba wanda ya dubi agogo.

Ba a wanke Celestino ba, ba a kuma kama shi ba. Da aka tambayi Onorina a ƙofar coci ko ta yafe, cewa ta yi ba ta san wa za ta yafe wa ba, kuma a daina damunta.

Kawu Ermete, mun gode. Mun gode da kwanonin hanyar da ka sha da mu lafiya, da saƙonnin da ba su taɓa ɓata ba, da jiran da ka yi mana a tasha. Mun fi gode maka da abin da ka koya mana ba ka ce komai ba. Ba ka jira an tabbatar kai ke da gaskiya ba kafin ka tausaya. Kowannenmu yana da wanda wani abu namu ke yi wa ciwo, ko da laifinmu ko babu. Mu da muka iya tsayawa mu yi ta hujja har sai an ba mu gaskiya, mu dubi mutumin nan, mu gwada sassauta wa wani tun ba a yanke hukunci ba, domin wata shari'ar ba ranar yanke ta.

Yanzu yana zama a bencin ƙofar shagon Gaudenzio da hantsi. Ku je ku gaishe shi, amma kada ku je kuna sauri. Ko Talata ce zai amsa.